Zama a Gidan Iyalin Maroko Lokacin Karatu: Jagora daga Sauka zuwa Sallama

Ɗalibin da ya tafi Maroko karatu, ko kwas ɗin Larabci ne na 'yan watanni ko karatun jami'a, yana da hanyoyin masauki uku: ɗakin kwanan ɗalibai, haya tare da abokai, ko zama a gidan wani iyali. Waɗanda suka samu tallafin karatu na AMCI, hukumar haɗin gwiwar ƙasa da ƙasa ta Maroko, galibi a ɗakunan kwana suke farawa. Zama da iyali kuwa cibiyoyin koyar da harshe ne suka fi shirya shi, irin su ALIF a Fas da Qalam wa Lawh a Rabat. A cikin ukun shi ya fi saurin buɗe wa mutum baki da Darija, wato Larabcin da ake yi a gida da kasuwa, kuma shi ya fi bukatar lura.

Bahaushe yana shiga irin wannan gida da jari a hannunsa. Addini ɗaya ne, mazhabar Malikiyya ce, a masallaci ruwayar Warshu zai ji kamar ta makarantar allo, ga sallama, ga cin abinci da hannun dama. To a nan ne kuma tarkon yake. Kamannin suna sa ɗalibi ya ɗauka ya riga ya san komai, sai ya daina kallo da tambaya, alhali kuwa abin da ke ɓata zama ƙananan abubuwa ne: lokacin cin abinci, ruwan wanka, dawowa gida da dare, rufe ƙofar ɗaki. Kuɗin da ka biya na ɗaki da abinci ne. Matsayin ɗan gida kuwa da zama a tebur ake samunsa, da kuma sanar da mutane inda kake.

Abin da za ka tambaya kafin ka biya

Kada ka yarda da kalmar "komai da komai" a takardar makaranta. Ka nemi a rubuta maka sau nawa za a ba ka abinci a rana, domin wasu gidajen karin kumallo da na dare kawai ke cikin yarjejeniya. Ka tambaya ko ɗakin naka ne kai kaɗai. A tsofaffin gidajen Fas, abin da ake kira ɗaki yakan zama falo ne mai dogayen kujerun katifa jere da bango, da rana a zauna a kansu, da dare a shimfiɗa bargo a kwana. Ba raini ba ne, haka 'ya'yan gidan ma suke kwana, amma gara ka sani tun kana gida. Sai wanki: za a haɗa kayanka da na gida ko kai za ka yi? Akwai intanet? Za a ba ka makulli? Minti nawa ne a ƙafa zuwa makaranta? Wannan ta ƙarshe tana da nauyi a tsohon birnin Fas, domin mota ba ta shiga lungunansa, hawa da gangara ne, kuma baƙo yana iya ɓacewa a tafiyar da ɗan gari zai yi cikin minti goma.

Ɗaliba ta tambayi su wa da wa ke zaune a gidan, ta kuma faɗi a fili idan ta fi son gidan da babu samari. Makarantu sun saba da wannan buƙata. Mai ciwon suga, ko wanda wani abinci ke yi wa illa kamar gyaɗa ko alkama, ya rubuta tun farko, saboda burodi da sukari su ne ginshiƙin abincin ƙasar.

Tambaya ɗaya da ake yawan mantawa: shin maigidan zai yarda ya ba ka takardar shaidar cewa a gidansa kake zaune? Idan zamanka zai wuce kwana 90 za ka buƙace ta.

Kuɗi kuma ta hannun makaranta za ka biya, ka karɓi rasit. Idan ku biyu kuka shirya ba tare da makaranta ba, ku rubuta adadi da ranar biya, kuma ka sa kuɗin a ambulan. Ƙirga kuɗi a gaban yara ko baƙi abin kunya ne a wurinsu.

Kaya da tsaraba

Maroko ba ƙasar zafi ba ce duk shekara. Daga Disamba zuwa Fabrairu daren Fas da Maknas yakan sauko kusa da digiri 5, ga ruwan sama, kuma yawancin gidaje ba su da na'urar ɗumama ɗaki. Ginin an yi shi ne don ya tare zafin bazara, saboda haka da hunturu cikin gida yakan fi waje sanyi. Rigar sanyin da ka saba da ita lokacin hunturun Kano ko Damagaram ba za ta isa ba. Ka tanadi riguna masu kauri biyu, dogon wando na ciki, safa mai kauri da hular sanyi, ko ka sayi jallaba ta ulu idan ka isa. A Yuli da Agusta kuma Fas da Marrakesh sukan haura digiri 40.

Soket ɗinsu mai ramuka biyu zagayayyu ne irin na Faransa. Ɗan Nijar ba shi da matsala, ɗan Najeriya mai fulogi mai ƙafa uku sai ya nemi adafta. Agogo kuwa a 2025 ɗaya ne da namu a yawancin shekara, sai a watan azumi suka mayar da shi baya da awa ɗaya.

Tsaraba ba sai mai tsada ba. Turmin atamfa ko shadda ga uwargida, hular zanna ko jakar fata ga maigida, alewa ga yara. Ka bar kilishi da dambun nama a gida, kayan nama suna iya jawo maka tsaiko a filin jirgi. Yaji kam ka ɗauko, domin abincinsu yana da kayan ƙamshi amma ba shi da zafin barkono. Daddawa ka ƙulle ta sosai, kuma kada ka buɗe ta a kicin ɗin mutane sai ka yi bayani.

Ranar farko

Gaisuwa tana da tsawo, wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. "Labas?" ita ce "lafiya?", amsarta "labas, alhamdulillah", sai a bi da "kulshi bikhair?" Bayan musafaha ana taɓa ƙirji da hannun dama. Maza da suka saba sukan haɗa kumatu, haka mata a tsakaninsu. Tsakanin namiji da mace, ka jira ka ga abin da za ta yi: idan ta miƙo hannu kuma kai ba ka musafaha da mata, ka ɗora hannu a ƙirji, ka ɗan sunkuyar da kai, ka yi murmushi. Kowa ya san ma'anar wannan. Tsugunawa don gaida manya ba al'adarsu ba ce. Su sumbatar kai ko bayan hannun tsoho suke yi, kuma ba a jiran baƙo ya yi hakan a ranar farko.

Ba a kiran manya da gundarin suna. Uwargida "Khalti" ko "Lalla" tare da sunanta, maigida "Ammi" ko "Sidi", tsofaffi "Alhaj" da "Hajja" ko da ba ka tabbatar sun je Makka ba, sa'anninka "khoya" ga namiji, "khti" ga mace. Idan ka yabi yaro ko wani abu na gidan, ka haɗa da "tabarakallah", domin tsoron kambun baka yana da ƙarfi. Idan za ka ambaci banɗaki ko wani abin ƙazanta a gaban manya, ka ce "hashak".

Takalmi ana cire shi kafin a taka darduma ko kafet. Akwai silifas na roba a ƙofar banɗaki, na banɗakin ne kaɗai, kada ka yawata da shi cikin gida. Soron sama, inda ake shanya, a gidajen tsohon birni wurin mata ne. Namiji ya nemi izini kafin ya hau, kuma kada ya tsaya leƙen sororin maƙwabta ko ɗaukar hoto.

A wannan rana ka roƙi uwargida ta nuna maka abu huɗu da hannunta: yadda ake kunna ruwan zafi, inda ake zuba takardar banɗaki (a gidaje da dama kwando ne, don bututun ƙanana ne suna toshewa), yadda ake kulle ƙofar waje, da lokutan abinci. Ka karɓi lambar wayarta da ta maigida. Ka rubuta sunan lungu da lambar gida da sunan ƙofar gari mafi kusa, kamar Bab Bujlud ko Rasif idan a Fas kake, don direban tasi iyakarsa ƙofa.

Tebur

Nan ne zuciyar zaman. Ana ci sau huɗu. Da safe burodi da man zaitun, zuma ko jam, shayi ko kofi da madara, wani lokaci da msemmen, wato fanke mai ninki, ko baghrir mai ramuka. Abincin rana tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu da rabi shi ne babba. Da yamma wajen biyar zuwa bakwai akwai kaskrut, shayi da ɗan abin taɓawa. Abincin dare yana iya kaiwa ƙarfe goma ko sha ɗaya. Ɗalibin da ya saba cin tuwo bayan magariba yakan cika cikinsa a kaskrut yana zaton shi ne na dare, ya je ya kwanta, sai a zo a tashe shi a kan an kawo abinci. Ka ci kaɗan da yamma. Idan kana da aji da sassafe kuma ba za ka iya jira ba, ka faɗa tun da rana, ba sai an gama dafawa ba.

Tajin, wato miyar nama ko kaza da kayan lambu da ake dafawa a kaskon ƙasa mai murfi kamar dala, a tsakiyar tebur ake ajiye shi, kowa ya ci daga akushi ɗaya. Ƙa'idarsa ita ce kowa yana da yankin da ke gabansa, daga baki zuwa tsakiya, ba a tsallakawa yankin wani. Burodi shi ne cokali: ka gutsiri ɗan ƙarami, ka riƙe da yatsu uku, ka danna dankali ko karas ka kwaso da romo. Ana farawa da romo da kayan lambu. Naman da ke tsakiya ba a taɓa shi sai uwargida ko maigida ya yayyaga ya tura wa kowa rabonsa. Idan aka turo maka tsoka gabanka, girmamawa ce, ka ci. Ƙashi da ƙwallon zaitun a kan leda ko ƙaramin faranti a gabanka ake ajiyewa. Burodi ba a zubar da shi a shara, ba a kife shi, ba a taka shi. Ragowarsa ana tarawa daban.

Za ka ji "kul, kul" har ka gaji. Uwargida tana auna jin daɗinka da yawan abin da ka ci, kuma "na ƙoshi" na farko ba a ɗaukarsa da gaske. Dabarar ita ce ka ci a hankali tun daga farko, ka riƙe ɗan burodi a hannu, don wanda ya gama da wuri shi ake ƙara wa. Idan ka ƙoshi da gaske, ka ja baya kaɗan, ka ce "shba'at, alhamdulillah", in an matsa ka ce "baraka" da hannu a ƙirji, sannan ka yi wa mai girki addu'a: "Allah ya'atik sahha", ko "Allah yakhlif". Ka kuma sani a gidan biki ko ranar baƙi ana kawo abinci kashi-kashi, kaza ta fita, nama da busasshen 'ya'yan itace ya shigo, sannan kayan marmari. Wanda ya ƙure cikinsa a kan na farko zai sha wahala.

Kawaici irin namu yana iya zama matsala a nan. Idan wani abinci bai karɓe ka ba kuma ka yaba shi don kunya, za a riƙa dafa maka shi kowane mako. Ka ce cikinka bai saba da shi ba, wannan uzuri ne da ake karɓa ba tare da ɓacin rai ba. Makon farko ciki yakan ɗan rikice saboda sauyin ruwa da yawan mai da ɗanyen ganye. Ka fara da ruwan gora, ka shiga na famfo a hankali. Za a ba ka garin kamun (wani kayan ƙamshin girki, cumin a Turance) da ruwa, maganin gida ne da suka yarda da shi. Idan gudawa ta wuce kwana biyu, ko ta zo da zazzaɓi ko jini, ka je wurin likita.

Ranar Juma'a ta kuskus ce, bayan an sauko daga masallaci. Ana turara shi sau biyu ko uku, a tara shi a babban akushi da nama da kabewa, karas, kabeji da sauran kayan lambu, a sha da lban, madara mai tsami kamar nono. Aiki ne na safiya guda, kuma 'ya'yan da suka yi aure sukan zo. Duk abin da za ka tsara da abokai, kada ka sa shi a wannan lokaci. Ɗalibin da ke tsallake kuskus ɗin Juma'a yana gaya wa gidan cewa shi ɗan haya ne, kuma haka za a ɗauke shi.

Game da taimako a kicin, ɗaliba za ta ga ana jawo ta ciki, kuma nan ne Darija take zama a baki. Ɗalibi namiji za a hana shi wanke-wanke, amma zai iya kwashe kwanuka, sayo burodi a kanti, ko kai ƙullun burodi gidan gasawa na unguwa da ake kira farran. Ranar da kake son dafa musu dafa-duka ko miyar gyaɗa, ka nemi izini kwana ɗaya kafin nan, ka sayi kayan da kuɗinka, ka rage barkono zuwa kashi ɗaya cikin huɗu na yadda ka saba, ka ajiye yaji a gefe.

Shayi ya cancanci a koya. A butar da ke ɗaukar kusan rabin lita ana zuba babban cokali ɗaya na koren ganyen shayi, a zuba ɗan tafasasshen ruwa a girgiza a zubar don a wanke ɗaci da ƙura. Sai a cika da ruwan zafi, a ɗora a wuta kaɗan har ya taso, a cusa damin na'ana'a, a sa sukari babban cokali uku ko huɗu. Ba a juyawa da cokali: ana tsiyayawa a kofi a mayar cikin buta sau biyu ko uku, sannan a zuba daga sama don ya yi kumfa. Idan na'ana'a ta daɗe a kan wuta tana ƙonewa ta yi ɗaci. Da hunturu sukan sa wani ganye mai ɗaci da ake kira shiba. Mai son rage sukari ya faɗa kafin a haɗa, don a tsiyaye masa nasa tukuna.

Ruwan zafi, gas da hammam

Wannan sashe ya shafi rai. Gidaje da yawa suna ɗumama ruwa da na'ura mai aiki da tukunyar gas. Idan na'urar tana cikin banɗaki ko wurin da iska ba ta shiga, tana iya fitar da iskar guba marar wari marar launi, kuma kowane hunturu ana samun mace-mace a ƙasar ta wannan hanya. Ka duba inda take. Ka bar taga a buɗe ko da ana sanyi. Idan kana wanka ka ji ciwon kai, jiri ko tashin zuciya, ka kashe ruwan ka fito nan take ka buɗe ko'ina. Harshen wuta shuɗi shi ne lafiyayye, rawaya alamar matsala ce. Haka nan kada ka kwana da kaskon gawayi ko hitar gas a rufaffen ɗaki. Lambar motar asibiti da 'yan kwana-kwana 15 ce, ta 'yan sanda 19, ta jandarma a wajen gari 177.

Wanka sau biyu a rana da muka saba yana cin gas da ruwa, ga ƙasar ta sha fama da fari shekaru a jere. Ka yi gajeren wanka, ka tambayi lokacin da ya dace, kuma idan tukunyar gas ta ƙare a kanka ka ce za ka sa hannu a sayen wata.

Su kansu babban wankansu a hammam, wato gidan wanka na unguwa, suke yi, galibi sau ɗaya a mako. Maza da mata ko dai gini daban, ko lokaci daban. Kuɗin shiga 'yan dirhamai ne. Abin da za ka riƙa: bokiti da moɗa idan ba a bayarwa, baƙin sabulu mai laushi da ake kira sabun baldi, safar hannu mai kaushi da ake kira kis, tabarmar roba, tawul, da gajeren wando na canji, don ba a tsiraici. Ɗakuna ne masu bambancin zafi. Ka fara zama a mai zafi kamar minti goma har gumi ya karyo, ka shafa sabulun, ka bar shi minti biyar zuwa goma, ka ɗauraye shi tas, sannan ka goge da kis. Idan ba ka ɗauraye ba safar za ta riƙa zamewa, dauɗa ba za ta fita ba. Ka wanke wurin da za ka zauna kafin ka shimfiɗa tabarma, kada ka ɗebi ruwa a bokitin wani, kada ka zauna inda ruwan wankan wasu ke gangarowa. Za ka iya biyan mai gugar jiki, amma ka ce masa "bishwiya" idan ya matsa, don fata takan yi rauni. Ka rufe kai da jiki sosai kafin ka fito iska. Za a ce maka "bisahha", ka amsa "Allah ya'atik sahha". Zuwan farko ka bi ɗan gida.

Fita, kuɗi da takardu

Ba a fita ba sallama, ba a kuma makara ba waya. Ko shekarunka talatin, uwargida tana ganin amana ce kai a hannunta, kuma ba za ta kwanta ba sai ka shigo. Ka sayi layin waya a makon farko, na Maroc Telecom, Orange ko Inwi, da fasfonka. Ka tambayi ƙarfe nawa ake kulle gida. Kada ka kawo baƙo ba tare da izini ba, kuma baƙon da ba jinsinku ɗaya ba kada ma ka tambaya a kan shiga ɗaki. Ban da al'ada, dokar ƙasar ta haramta mu'amala tsakanin waɗanda ba ma'aurata ba.

Shiga ɗaki a rufe ƙofa na sa'o'i ana fassara shi da fushi ko rashin lafiya. Idan karatu za ka yi, ka faɗa: "andi kraya". Bayan ka gama ka fito ka zauna a falo ko da rabin awa ne ana kallon talabijin. Doguwar hira da danginka na can gida ta waya cikin Hausa da ƙarfi a tsakiyar falo ma tana sa mutane su tsargu. Ka gajarta, ko ka juya wayar su gaisa da mahaifiyarka. Wannan gaisuwar tana ƙara maka daraja ƙwarai.

A kasuwa akwai abin da ke rikita baƙo: kuɗin dirhami ne, amma mutane da yawa da riyal suke lissafi, riyal 20 a dirhami ɗaya. Idan mai kayan miya ya ce 200, wataƙila dirhami 10 yake nufi. Ka tambaya, "dirham wulla riyal?" Ƙananan tasi na cikin gari suna da launi: ja a Fas da Kasablanka, shuɗi a Rabat. Mutum uku suke ɗauka, suna da mita, ka ce a kunna ta, kuma da dare kuɗin yana ƙaruwa da rabi. Tsakanin birane jirgin ƙasa na ONCF ya fi sauƙi.

Wanda zai wuce kwana 90 dole ya nemi katin zama a ofishin baƙi na 'yan sanda kafin wa'adin ya cika. Ana neman kofen fasfo har da shafin hatimin shigowa, hotuna, takardar makaranta, shaidar masauki, shaidar abin da kake ci da shi, galibi da takardar likita da ta rashin laifi. Kofe-kofen sai an buga musu hatimi a ofishin unguwa da ake kira mukata'a. Ka fara tun watan farko, ka karɓi jerin abin da ake buƙata daga ofishin da kansa, ka adana rasit ɗin da za a ba ka, shi ne shaidarka kafin katin ya fito.

Masallaci, azumi da layya

Masallatai da yawa ana buɗe su ne lokacin salla a rufe bayanta. Bayan asuba da magariba ana karanta hizbi ɗaya cikin jam'i da murya ɗaya, ta haka ake sauke Alƙur'ani kowane wata. Ka zauna a ciki, yana gyara karatu. Ma'aikatar harkokin addini ce ke kula da masallatai da wa'azi, saboda haka baƙo ba ya miƙewa ya yi nasiha bayan salla. Muhawarar ƙungiyoyin addini da aka saba a gida ka bar ta a gida. Idan ka ga iyalin suna ziyarar kabarin waliyyi ko bikin Mauludi ta hanyar da ba ka saba ba, ba aikin baƙo ba ne gyara masu gida a teburinsu. Mai son ziyartar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815, ko masallacin Ƙarawiyyin da Fatima al-Fihriyya ta kafa a 859, duk suna cikin tsohon birnin. Abu uku kuma ba a wasa da su a hira: sarki, addinin ƙasa, da batun Yammacin Sahara, yankin da ake taƙaddama a kan mallakarsa. Ka saurara kawai.

Ganin wata na ƙasar ake bi, ma'aikatar ce ke sanarwa, kuma sau da yawa yakan bambanta da na Saudiyya ko na gida da kwana ɗaya. Ka bi garin da kake. Ana buɗe baki da dabino da harira, miyar tumatir da wake da ɗan nama, tare da shabbakiya mai zuma da riɗi, dafaffen ƙwai da kamun, da sallu, garin soyayyen fulawa da almon. Abinci mai nauyi sai bayan tarawihi, wani lokaci tsakar dare. Dab da magariba tituna sukan rikice sannan su mutu, tasi ba ya samuwa, don haka ka kasance a gida da rabin awa. Mai uzurin shan azumi ya ci a ɗaki, domin doka ta tanadi hukunci ga Musulmin da ya ci a bainar jama'a da rana. Kawo kilo ɗaya na dabino ko shabbakiya sau ɗaya a mako gudummawa ce mai kyau.

A babbar salla ana yanka rago a soron sama ko tsakar gida bayan an sauko idi. Ranar farko hanta ake ci, a naɗe ta da kitsen ciki a gasa a tsinke, ana kiranta bulfaf. Gangar naman ana barinta a rataye sai washegari. Samari suna babbake kawuna a bakin titi. Kantuna da gidajen burodi sukan rufe kwanaki, motocin haya sukan cika tun mako guda kafin nan, saboda haka ka sayi abin buƙata da tikiti da wuri. A 2025 Sarki Muhammad na Shida ya roƙi jama'a su bar layya saboda fari da ƙarancin dabbobi. Idan aka gayyace ka suna, wanda su ma rana ta bakwai suke yi, ko biki, ka tambayi uwargida abin da za ka riƙa. Dunƙulen sukari mai siffar dala kyauta ce ta gargajiya da ake kaiwa a irin waɗannan lokuta. Biki yakan fara da dare ya kai asuba.

Idan zama ya yi tsami

Yawancin saɓani daga abu uku yake tasowa: abinci, ruwa da wuta, da lokacin dawowa. Ba a cika faɗa maka kai tsaye ba. Za ka ga fuska ta sauya, ko ka ji an ce "hshuma", wato abin kunya, ana yi kamar da yaro ake. Ka samu uwargida ita kaɗai, ka ce "samhi li", ka tambaya ko akwai abin da ka yi. Kada ka yi ƙorafi a gaban baƙi, kada ka kai ƙarar matar gida wurin mijinta. Kuɗi da fasfo ka kulle a akwati tun ranar farko, don kada wani abu ya ɓace zargi ya shiga tsakani. Rance kuma, ko kai za ka bayar ko kai za ka karɓa, ka kauce masa da cewa kuɗinka a ƙirge ake aiko maka.

Akwai maganar launin fata, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Baƙar fata a Maroko yakan ji kalmar "azzi" a titi, ko a ɗauka ɗan ci-rani ne mai neman tsallakawa Turai. Ka riƙa yawo da katin makaranta da kofen fasfo. A titi wucewa ta fi tsayawa. A cikin gida kuwa, idan yaro ko babba ya faɗi abin da ya sosa maka rai, ka faɗa cikin natsuwa cewa kalmar tana da ciwo. Iyalai da yawa za su ji kunya su gyara, su ma zama masu tare maka a unguwa.

Wasu abubuwan ba a haƙuri da su: taɓa jiki ko maganar banza ga ɗaliba, shiga ɗaki ba izini a kai a kai, hana abincin da aka biya, neman ƙarin kuɗi da barazana, ko na'urar gas da aka ƙi gyarawa. Ka rubuta rana da abin da ya faru, ka kai wa jami'in masauki na makaranta a ranar, ka nemi a sauya maka gida. Idan abin ya shafi tsaro, ka fita tukuna, kaya a kwaso daga baya tare da wani daga makaranta.

Lokacin tafiya ka sanar da mako biyu, ka biya duk abin da ya rage, ka wanke ɗakin, ka mayar da makulli hannu da hannu. Ka bi maƙwabta da mai kantin lungu ka yi musu sallama, ka bar wa yaran gidan ɗan abu. Dirhamin da ya rage maka ka canza shi kafin ka bar ƙasar, don da wuya ka samu mai karɓarsa a waje, kuma ka ajiye rasit ɗin canjin da ka yi a farko, ana iya nemansa a filin jirgi.